Rarrabe Jinsunan Jemagun Tsibirai ta Hanyar Siffofin Jiki: Misali daga Mashigin Gini da Tekun Indiya

1.0 Gabatarwa

Jemage ba baƙo ba ne ga kowa a cikin wannan zaure. Duk wanda ya tashi a garin da ke da manyan itatuwa, irin su maɗaci da rimi da mangwaro, ya san yadda jemagu su ke rataye kai ƙasa da rana, ya kuma san yadda su ke tashi ayari-ayari da almuru. Bahaushe ya daɗe yana ja-in-ja a cikin tatsuniya a kan ko tsuntsu ne ko dabba. Masana ilmin dabbobi sun gama da wannan tun tuni, don kuwa halitta ce mai gashi, mai haihuwa, mai shayarwa. Gardamar da ta rage musu ta fi wannan wuyar warwarewa. Idan an kamo jemagu biyu daga tsibirai biyu da teku ya raba, aka ga sun yi kama amma ba su zama ɗaya ba, yaushe za a ce jinsi biyu ne, yaushe kuma za a ce jinsi ɗaya ne mai rassa biyu?

Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa awon jiki yana iya tabbatar da bambanci tsakanin jemagun tsibirai, amma shi kaɗai ba ya iya faɗin wane ne ɗan'uwan wane, domin zaman tsibiri ya kan sauya girma da launi cikin hanzari. Magana za ta tsaya ne a kan jemagu masu cin 'ya'yan itace, watau gidan Pteropodidae, wanda ke da jinsi kusan 200.

Ya kamata mu daidaita kalmomi tukuna, saboda a Hausar yau da kullum a kan yi amfani da iri da jinsi da dangi ba tare da an tsananta bambanci ba. A nan, jinsi shi ne taron dabbobin da ke barbara a tsakaninsu su haifi 'ya'ya masu haihuwa. Reshe shi ne wani ɓangare na jinsi da ya keɓanta a wani yanki har ya sami kamanni nasa. Dangi kuwa shi ne tarin jinsuna makusantan juna. A cikin suna irin Pteropus seychellensis comorensis, kalmar farko dangi ce, ta biyu jinsi, ta uku reshe.

2.0 Abin da A Ke Aunawa

Harsashin wannan fanni shi ne babban kundin da Knud Andersen, mutumin Denmak, ya buga a 1912 a kan jemagun da ke ajiye a Gidan Adana Kayan Tarihi na Biritaniya a Landan. Kafin shi George Dobson ya yi irin wannan aiki a 1878, amma Andersen ne ya bi samfur ɗaya-ɗaya da ma'auni, ya kuma kasa dangin Pteropus ƙungiya 17 bisa kamannin jiki. Siffofin da ya dogara a kansu su ne a ke aunawa har yanzu.

Na farko shi ne sangalin hannu, watau ƙashin da ya taso daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, wanda shi ne ginshiƙin fiffike. An fifita shi a kan nauyi da faɗin fukafukai saboda dalilai masu sauƙin ganewa. Nauyi ya kan hau ya sauka gwargwadon ƙoshi ko yunwa ko ciki, faɗin fukafukai kuma ya danganta da yadda mai awo ya ja su. Ƙashi kuwa ba ya ƙaruwa bayan balaga, ba ya motsewa a busasshiyar fata, ana kuma iya auna shi a jikin rayayyen jemage a sake shi. Sai dai akwai sharaɗi: dole a tabbatar jemagen ya balaga. A kan ɗaga fiffike a haske a duba gaɓoɓin yatsu, in har akwai sauran guringuntsi mai barin haske ya ratsa, to yaro ne, awonsa ba ya shiga lissafi. Haka kuma ba a gwama awon maza da na mata, don a jinsuna da dama namiji ya fi girman kai da tsawon fiƙa.

Na biyu shi ne ƙoƙon kai da haƙora, kuma a ganina nan ne shaida ta fi nauyi. A kan auna tsawon kai, da faɗinsa a wajen ƙasusuwan kunci, da tsawon baki, da tudun ƙashin da ke bisa kai inda naman tauna ya ke kamawa. Pteropus yana da haƙora 34, haka Eidolon da Rousettus, saboda haka yawan haƙora ba ya raba su, sai dai girma da ƙirar kowane haƙori. Malaman nazarin harshe da ke tare da mu sun san ganɗa a matsayin gurbin furuci. Masanin jemage kuwa ƙirga tudun naman da ke gicciye a kanta ya ke yi, masu kama da kunyoyin gona, waɗanda jemage ke matse ɗan itace a kansu da harshe ya shanye ruwan ya tofar da tuƙar. Yawansu da tsarinsu ya kan bambanta daga dangi zuwa dangi.

Sauran siffofin su ne tsawon kunne da ƙirarsa, ko mai tsini ne ko mai kewaye, da kasancewar gashi ko rashinsa a bayan ƙwauri, da wutsiya. Eidolon da Rousettus suna da 'yar gajeruwar wutsiya, Pteropus ba shi da ita sam. Daga ƙarshe sai launi, musamman na gashin ƙeya da kafaɗu, wanda za mu kira mayafi. Launi shi ne abin da ido ke fara gani, shi ne kuma mafi rauni a cikin shaidu. Ya kan koɗe a samfurin da ya daɗe cikin ruwan adanawa, maiƙon da ke fita daga wuyan namiji ya kan rina shi, sa'an nan a bishiya guda a kan sami mai duhu da mai haske.

Bayan an gama awo sai hukunci, nan kuma matsala ta ke. Ma'anar jinsi da Ernst Mayr ya shimfiɗa a 1942 ta dogara ne a kan barbara. Jemagun da ɗaruruwan kilomita na ruwa suka raba ba su haɗuwa, balle a ga ko za su yi barbara. Game da reshe, Dean Amadon ya kawo ƙa'ida a 1949 cewa sai an iya bambance kashi 75 cikin 100 na wani taro daga kusan dukkan ɗaya taron kafin a ba shi sunan reshe. Ƙa'ida ce mai amfani, amma tana bukatar samfur masu yawa, alhali kuwa sunaye da dama na tsibirai a kan fata ɗaya ko biyu aka raɗa su.

3.0 Tsibiran Mashigin Gini

Bari mu fara da na kusa da gida. Babban jemagen nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da rawaya, wanda ke taruwa dubbai a birane irin su Ile-Ife da Akara, ya kuma hauro arewa da damina, shi ne Eidolon helvum. Sangalin hannunsa ya kan kama daga milimita 110 zuwa 135 ko kusa da haka. Matafiyi ne na gaske, an bi sawun wasu da suka tashi daga dajin Kasanka na Zambiya suka yi tafiyar da ta wuce kilomita 2,000. Wannan yawo shi ya sa ba a sami rassa a faɗin nahiyar ba, kullum jini yana gauraya.

A kudu da gaɓar Nijeriya akwai tsibirai huɗu a jere: Biyoko, da Firinsipe, da Sawo Tome, da Annobon. Biyoko bai fi kilomita 32 daga Kamaru ba, kuma a haɗe ya ke da nahiya har zuwa kimanin shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da teku ya ƙaru ya yanke shi. Sauran ukun duwatsu ne masu aman wuta da suka ɓullo daga ƙarƙashin teku, ba su taɓa haɗuwa da nahiya ba. Annobon shi ne mafi ƙanƙanta, murabba'in kilomita 17 kacal, mafi nisa kuma, wajen kilomita 350 daga Gabon. A shekarar 2000 Javier Juste da abokan aikinsa suka nuna cewa Eidolon na Annobon ya gaza na nahiya a tsawon sangali da girman kai, suka ba shi sunan reshe, Eidolon helvum annobonense. Binciken ƙwayoyin gado da Alison Peel da abokan aikinta suka buga a 2013 ya goyi bayan wannan: na Biyoko ɗaya su ke da na nahiya, na Sawo Tome da Firinsipe sun ware, na Annobon kuwa sun fi kowa warewa. A nan ma'auni da jini sun yi magana da baki ɗaya.

Amma kada a ɗauka cewa tsibiri kullum ƙanƙantar da jemage ya ke yi. Rousettus aegyptiacus, jemagen kogo, yana Firinsipe yana kuma Sawo Tome, tsakaninsu kimanin kilomita 150. Juste da Carlos Ibáñez sun bayyana su a 1993 a matsayin rassa biyu: princeps na Firinsipe ya gaza na nahiya, tomensis na Sawo Tome kuwa ya ɗara shi. Asali ɗaya, tsibirai maƙwabta, ɗaya ya ragu ɗaya ya ƙaru. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara da girma a matsayin shaidar zumunta.

A Sawo Tome ɗin dai akwai wani ƙaramin jemage, Myonycteris brachycephala, wanda ba ya bukatar wata gardama. 'Yan'uwansa na nahiya suna da haƙoran gaba huɗu a muƙamuƙin ƙasa, biyu dama biyu hagu. Shi kuwa uku gare shi, watau ɓangarorin bakinsa biyu ba su daidaita ba, abin da ba a saba gani ba a dabbobi masu shayarwa. Da a ce a baki ɗaya aka gani, da sai a ce naƙasa ce. Da ya ke an same shi a samfur bayan samfur, sai ya zama alamar jinsi. Irin wannan siffa, wadda ko dai akwai ta ko babu, ta fi awon milimita yanke hukunci, sai dai ba kasafai a ke dacewa da ita ba.

4.0 Tsibiran Yammacin Tekun Indiya

Yanzu sai mu tsallaka nahiyar zuwa gabas, inda lamarin ya fi sarƙaƙiya. Dangin Pteropus yana da jinsi fiye da 60, mafi yawansu a tsibiran Asiya da Tekun Pasifik. Abin mamaki shi ne babu ko ɗaya a doron nahiyar Afirka, ko da ya ke sun iso har tsibirin Pemba, wanda bai fi kilomita 50 daga gaɓar Tanzaniya ba. A tsibiran wannan yanki an saba lasafta jinsi takwas: rufus a Madagaska, seychellensis a Seshel da Komoro da tsibirin Mafiya, aldabrensis a Aldabra, voeltzkowi a Pemba, livingstonii a Anjuwan da Moheli na Komoro, rodricensis a Rodirigas, niger a Morishus, sai subniger wanda ya ƙare.

Wasu daga cikinsu ba su da wuyar rarrabewa. Livingstonii, wanda John Gray ya raɗa wa suna a 1866 don tunawa da David Livingstone, baƙi ne wuluk in ban da ɗan gashi ruwan zinariya a kafaɗu, idanunsa jajaye, kunnuwansa masu kewaye, faɗin fukafukansa ya kan kai mita 1.4. Mafi muhimmanci, yana zaune a tsibiri ɗaya da comorensis mai rawayan mayafi da kunne mai tsini, ba su kuwa gauraya. Inda jinsi biyu suka zauna wuri guda kowa ya riƙe kamanninsa, to halitta da kanta ta yi mana gwajin da Mayr ya nema. Rodricensis ma a fili ya ke: ƙarami ne, nauyinsa wajen giram 300, gashinsa mai kauri, kunnuwansa gajeru har sun kusa nutsewa cikin gashi.

Wahala tana wajen masu rawayan mayafi, watau na Madagaska da Komoro da Seshel da Aldabra. In an jera fatunsu a tebur, tsarin launi kusan ɗaya ne: baya mai duhu, mayafi rawaya ko ja-ja, fuska mai duhu. Girma ne ya ɗan bambanta, na Madagaska a sama, sangalinsa ya kan wuce milimita 155, na Aldabra a ƙasa, ba ya cika wuce 140. Tarihin sunan na Aldabra ya isa misali. Frederick True ya bayyana shi a matsayin jinsi a 1893. John Hill ya mayar da shi reshen seychellensis a 1971, bisa hujjar cewa bambancin bai wuce na girma da hasken launi ba. Wim Bergmans ya sake duba shi a 1990 ya mayar masa da matsayinsa na jinsi. Jemagen bai sauya ba a cikin waɗannan shekaru, ba kuma za a ce wani daga cikin malaman uku bai iya awo ba. Abin da ya bambanta shi ne nauyin da kowannensu ya ɗora wa tazarar milimita goma ko goma sha biyar.

Akwai wani abin lura game da Aldabra. Tsibirin murjani ne mai ƙasa-ƙasa, kuma masana ƙasa sun nuna cewa teku ya shafe shi ƙaf wajen shekara 125,000 da suka wuce. Ke nan duk wani jemage da ke kansa bayan wannan lokaci ya zo, duk ƙanƙantar da hasken da ya bambanta shi a cikin wannan ɗan tsakani ya same su. A ma'aunin tarihin halittu wannan jiya-jiya ne.

5.0 Inda Jini Ya Saɓa wa Ma'auni

Binciken ƙwayoyin gado da John O'Brien da abokan aikinsa suka buga a 2009 ya nuna cewa Pteropus bai shigo wannan yanki sau ɗaya ba, aƙalla sau uku ya shigo daga wajen Asiya. Zuwan farko shi ya bar livingstonii da voeltzkowi. Wannan ya ba da mamaki, domin wanda ya dubi baƙin jemagen Anjuwan da jan jemagen Pemba ba zai ce 'yan ɗaki ɗaya ne ba, Andersen ma ƙungiya daban-daban ya sa su. Rodricensis zuwansa daban. Zuwan baya-bayan nan kuwa shi ya haifar da rufus da seychellensis da aldabrensis, har da niger na Morishus.

A cikin wannan rukuni na ƙarshe ne aka ga abin da ya fi taɓa batunmu. Comorensis, wanda aka daɗe ana lasafta shi reshen seychellensis saboda kamanni, ya fi kusa da rufus na Madagaska a jini fiye da na Seshel ɗin da ya ke ɗauke da sunansa. In an dubi taswira ba abin mamaki ba ne, Komoro maƙwabciyar Madagaska ce, Seshel kuwa tana can nesa. Saboda haka wasu masana suka koma ga ba shi matsayin jinsi, kamar yadda Michael Nicoll ya yi tun 1908. A 2014 Francisca Almeida da abokan aikinta suka bi dangin gaba ɗaya, suka tarar da yawa daga ƙungiyoyin Andersen ba zuriya ɗaya ba ne, suka sake kasa shi ƙungiya 13.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin rushe aikin Andersen ba. Yawancin jinsunan da ya bambance suna nan daram. Abin da ya rushe shi ne zumuntar da ya ƙulla a tsakaninsu, dalili kuwa a fili ya ke. Jemagun da ke cin abinci iri ɗaya a tsibirai masu kama da juna su kan sami haƙora da girma iri ɗaya ko da kakanninsu daban ne, 'yan'uwa na jini kuma su kan rabu a kamanni in ɗaya ya zauna a dajin kan dutse, ɗaya a bakin gaɓa. Shi ma awon jinin yana da nasa rauni. A rukunin da bai daɗe da rabuwa ba, kamar na masu rawayan mayafi, tazarar gado ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har ta kan gaza tazarar da ido ke gani.

6.0 Abin da Suna Ke Jawowa

Mai yiwuwa wani ya ce wannan duk gardamar malamai ce. Ba haka ba ne, domin dokokin kare dabbobi da jerin halittun da ke cikin haɗari da sunan jinsi su ke aiki. Reshe sau da yawa ya kan ɓace a cikin lissafin uwar jinsinsa. Idan na Aldabra reshe ne, to ɗan ƙaramin taro ne na jinsi mai yalwa. Idan kuwa jinsi ne, to duk duniya ba shi da gida sai tsibiri guda da guguwa ɗaya za ta iya ɗaiɗaitawa.

Rodricensis ya ga irin wannan. Sarar daji da guguwa sun rage shi har ya koma ƙasa da 100 a shekarun 1970. Da ya ke ba a shakkar cewa jinsi ne mai zaman kansa, Gerald Durrell ya kwashi wasu a 1976 don a yi kiwonsu a killace, aka kuma shiga gyaran dajin tsibirin, har yawansa ya kai wajen 20,000 a 2016. Amma suna shi kaɗai ba ya tsare rai. Niger ba shi da wani babban mazauni sai Morishus, duk da haka a 2015 gwamnatin ƙasar ta sa aka harbe fiye da 30,000 saboda koken masu gonakin mangwaro da wani ɗan itace da a ke kira lici, aka kuma maimaita a shekarun da suka biyo baya. A 2018 aka ɗaga shi zuwa sahun jinsunan da ke cikin haɗarin ƙarewa.

Sa'an nan akwai waɗanda ba su da wata shaida da ta rage sai ta jiki. Subniger, wanda ya zauna tare da niger a Morishus da Reyuniyon, ƙarami ne mai yalwar gashi da ƙananan haƙora, ya kan kwana a kogon itace maimakon reshe, abin da ya sauƙaƙa wa mafarauta kama shi. Ya ƙare a ƙarni na 19, abin da ya rage 'yan fatu ne da ƙoƙunan kai a gidajen adana kayan tarihi. Wani misalin ya fito daga nesa da yankinmu, daga tsibiran Samowa na Tekun Pasifik. A 1856 aka kamo wani jemage a Apiya aka kai shi birnin Filadelfiya na Amurka, ya zauna a ma'ajiya fiye da shekara 150. Da Kristofer Helgen da abokan aikinsa suka auna kansa da haƙoransa, sai suka ga ƙanƙantar haƙoran ba ta dace da ta kowane jemage da aka sani a Samowa ba. A 2009 suka raɗa masa suna Pteropus allenorum. Samfurin nan guda shi ne kaɗai a hannu, ba a kuma sake ganin irinsa a tsibirin ba tun ranar da aka kamo shi.